Na Saka Binciken 'Yata a Kargon Kano

Anti Hajjo, don Allah ki taimake ni kafin Alhamis.

Shekararmu goma sha tara a Riyadh, a unguwar Malaz muke, maigidana injiniya ne. Ni ba na wasa da tarbiyya, kowa ya sani. 'Yata Muhibba tana digiri na biyu ta intanet da wata jami'ar waje. Wata takwas ke nan kullum tana gaban talabijin da abin buga gem a hannu, tana dannawa tana rubutu. Budurwa mai shekara ashirin da huɗu! Na yi faɗa har na gaji, wai karatu take. Ranar Asabar da ta fita na cire na'urar gem ɗin, na cusa a kwalin tsarabar da za mu aika Kano, tsakanin dabino da abayoyi, na kai wa mai kargo a unguwar Gubaira. Na ce 'ya'yan ƙanwata su mora.

Da ta dawo ba ta ɗaga mini murya ba. Hawaye ta yi, ta miƙo mini littattafanta uku. Ashe duk inda ta kai a wasannin, da hotunan da ta ɗauka don hujja, suna cikin na'urar. Na karanta littattafan. Bincike take kan yadda wasannin ke nuna soyayya da shaƙuwa, har da ta mace da mace, namiji da namiji. Gabana ya faɗi. Ba haka na koya mata ba, kuma mu baƙi ne, da takardar iƙama muke zaune a ƙasar nan. Amma Anti, wallahi ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Wasa arba'in, kowanne da kwanan wata, da abin da masu bugawa suka ce ya taɓa musu zuciya. Ni da na tsaya a sakandare sai da na ji alfahari. Ban gaya mata inda na'urar take ba. Alhamis kaya za su tashi. In bari su tafi?

Uwa a Malaz

Hajiya, ki je Gubaira gobe da safe ki karɓo kwalinki.

Tsoronki ba shirme ba ne. Dokar inda kuke tana da tsauri kan wannan batu, don haka Muhibba ta tuntuɓi malamin da ke duba aikinta kan inda za ta ajiye shi da wanda zai gani. Amma ki lura, wasannin da kike gudu su kika kusa aika wa 'ya'yan ƙanwarki. Yaranmu suna buga su ko mun sani ko ba mu sani ba, gara a samu tamu da ta san abin da ke ciki. Waɗanda take rubutu a kansu kuma mutane ne. In ta yi musu adalci, wannan ma tarbiyya ce.

Ki gaya mata gaskiya, ki ba ta haƙuri, girmanki ba zai ragu ba. Ki faɗi ra'ayinki sau ɗaya, sannan ki zauna ta nuna miki wasa guda, ki yi tambaya. Alfaharin da kika rubuto mini kuwa, ita ya kamata ta ji shi daga bakinki.

Allah ya ba ta sa'a, ya sanyaya miki zuciya.

Anti Hajjo