Kunun da Na Dama wa Rakiya

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in da ke duba ɗakunan shan magani na ƙauyukanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ni mace ce daga Kwandiko a ƙasar Gwaram. Ajin yaƙi da jahilci kaɗai na yi, don haka ka yi haƙuri da rubutuna. Na aika wa jarida ne saboda ban san ƙofar ofishinka ba, kuma ina so a karanta wa iyaye mata irina su ji.

'Yata ta fari ta rasu a daminar bara, kwana ashirin da shida da haihuwa. Tana raye ban taɓa kiran sunanta ba, saboda kunyar 'yar fari. Yau zan rubuta shi: Rakiya. Ƙanwarta Talatu kuma tana da ciki wata bakwai, da an fara yankan gero za a kawo mini ita wankan jego. Ranka ya daɗe, ban san abin da zan ba ta ba. Dalilin wasiƙar nan ke nan.

Na ɗaya. A Sundimina Rakiya take aure, aka kawo ta gida goyon ciki. Sau uku na kai ta ɗakin shan magani mafi kusa da mu. Mata kan yi layi a bakin taga, malamin ya zuba jajayen ƙwayoyi da wasu ƙanana rawaya a takarda, ya murɗe, ya miƙo. Ya ce na ƙarin jini ne. Ƙulli iri ɗaya ne ga kowa, mai ƙiba da ramammiya, mai cikin fari da mai na goma. A zuwanmu na uku ƙafafunta sun kumbura har takalminta na roba ya ƙi shiga, a hannu ta riƙe shi. Na nuna masa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ciki ne, Inna, kowace mace haka take." Bai tashi daga kujerarsa ba. Abin awon nan da ake ɗaura wa mutum a damtse yana rataye a ƙusa bayansa, da idona na gani.

Na biyu. Tun da aka gyara hanya, wata mota mai lasifika takan zo kasuwar Sara tana tallan maganin ƙarfi a kwalba. Suna cewa na tsoho ne, na yaro ne, na mai jego ne. Mijin Rakiya ya sayo mata kwalba biyu don ƙauna. Rubutun jikinsu na Turanci ne, ba wanda ya iya karantawa a gidanmu. Ba na ce maganin ne ya kashe ta ba, don ban sani ba. Ina tambaya ne, wa yake duba abin da suke sayar mana?

Na uku, kuma wannan laifina ne, ba na kowa ba. Da ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace, na yi mata duk abin da uwata ta yi mini. Ruwan zafi safe da yamma, wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, da kunun kanwa. Haihuwata bakwai, a kowacce na sha shi ƙwarya guda a zama ɗaya, na tashi da ƙarfina, nono ya zo. Saboda haka ban yi mata rowa ba. Jar kanwa mai kyau na sayo, nakan zuba da yawa har kunun ya yi duhu, don kada a ce ban kula da 'yata ba. Bayan suna ta fara haki. Kumburin ya hau har cinya, ba ta iya kwanciya sai a jingine da bango. Wata rana da hantsi ta ture ƙwaryar ta ce, "Inna, ƙirjina ya cika, bar shi haka." Na ce, "Shanye mana, raguwa! Ni haka na sha a kanki." Muka yi dariya, ni da ita. Ta shanye don ta faranta mini. Da na ga jikinta ya ƙi, sai na ɗauka kanwar ce ta yi kaɗan. Na ƙara.

Na huɗu. Da abin ya tsananta muka sa ta a motar kasuwa zuwa babban asibiti. Likita ya danna ƙafarta, yatsansa ya bar rami. Tambayar farko da ya yi mini ta bakin tafinta ita ce, kanwa nawa take sha a rana? Ya ce ba kowane jiki ne yake ɗaukarta ba. Wata macen ta sha ta wuce lafiya, wata kuwa, irin Rakiya, kanwa takan tara mata ruwa a jiki har zuciya ta gaji. Kwana biyu ta yi a can. Na yarda da ƙaddara, ranarta ce ta yi. Amma ranka ya daɗe, ashe kun san wannan magana. Tana cikin littattafanku. Me ya sa ba ta zo mana bakin taga ba, sai a gefen gadon da 'yata za ta cika?

Tun daga lokacin ban sake damun kunu ba. In ina hura wuta, sai in ji hakinta a bayana, in waiga, bango ne kawai, da alamar da man kanta ya bari a inda take jingina. Ban yarda an shafe wurin ba. Jaririyar tana hannuna, da nonon saniya na raine ta, yanzu ta fara tafiya. In ta yi tari sau ɗaya sai in tashi in duba ta.

Ga roƙona. A duba kowace mace a kan kanta kafin a miƙa mata ƙwaya, a taɓa ƙafarta, a tambaye ta me take ci, me take sha a gida. Kuma a yi magana da mu tsofaffi, don mu ne masu damu. Yarinya mai jego ba ta zaɓar abin da za ta sha, abin da uwarta ta miƙo shi take karɓa. A aiko mai bayani da Hausa ranar kasuwa ya faɗa mana wace mace ce za a ba, wace ce za a hana, da alamar da za mu gane.

Surukar Talatu ta riga ta aiko da ƙullin kanwa. Ban buɗe ba, ban kuma zubar ba. In na hana Talatu, dangin mijinta za su ce na ƙi 'yata, in nono ya yi jinkiri ni za a nuna. Shekaranjiya Talatu ta zo gaishe ni, tana zaune tana duban ƙafafunta, ta ce, "Inna, ni ma za ki dama mini?" Gero ya fara nuna, ranka ya daɗe. Ka sa a duba mini ita, a faɗa mini abin da zan ce mata.

Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, ya tsare maka 'ya'yanka mata ranar haihuwarsu, ya jiƙan Rakiya.

Wassalam.

Hajara, uwar Rakiya da Talatu,
Kwandiko.