Motar da Na Koya wa Tari

Gwaggo mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da kin ga ina ta kewaye-kewaye. Duk wanda na fara ba labarin nan, kafin in kai tsakiya ya fashe da dariya, ni kuwa abin ya hana ni sakat.

Ni ma'aikaciyar kantin magani ce. Ni ce auta a gidanmu, kuma ni kaɗai na rage tare da mahaifiyarmu. Inna ta daɗe da rasa ganinta. A hankali ya tafi, kamar yadda rana ke janyewa daga tsakar gida, har ya zamana da kunne take sanin duniya. Ta san yayana da jan ƙafarsa. Ta san maƙwabciyarmu da ƙarar makullan da take kaɗawa. Ko kyanwa ce ta diro daga katanga, Inna za ta faɗa miki ta gidan wa ce.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, direba ne. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka wadda ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai an lallashe ta. Motar nan tana da ɗabi'a guda. Idan Baba ya iso kwanar layinmu ya ɗaga ƙafa daga totur, sai ta yi tari, bum-bum, irin na dattijon da ke gyaran murya kafin ya shiga gida. Inna na jin tarin nan za ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ɗora ruwan shayi. Likita ya hana Baba sukari, don haka yana sha yana mita, a wani ƙaton kofin ƙarfe da har yau yake saman kabad ba wanda ya sauko da shi. Bayan rasuwarsa motar ta ƙi tashi ga kowa, har muka haƙura muka bar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Bara Allah ya hore mini sabuwar mota fil daga kamfani, da garantinta da komai. Gwaggo, motar nan ba ta da murya. Tafiya take kamar an zuba ruwa a kan tabarma. Ranar da na fara kawo ta gida, har na shiga ɗaki na dafa kafaɗar Inna ba ta san na dawo ba. Ta zabura, ta ce na shigo mata kamar ɓarawo. Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Wata rana da yamma muna zaune a ƙofar gida, sai wata motar samari ta wuce ta babban titi, irin waɗanda ake gyara wa salansar hayaƙi su riƙa fashe-fashe. Daidai kwana ta yi bum-bum. Wallahi Gwaggo, da kin ga fuskar Inna. Ta ɗago kai, hannunta ya tafi kan ɗankwali, fuskar ta yi haske kamar an kunna fitila a ciki. Da ƙarar ta yi nisa sai hannun ya sauko a hankali. Tun daga lokacin tunanin ya shiga kaina ya ƙi fita. Ina ƙirga ƙwayoyin magani a kanti, ina jin tarin nan a kunnena.

Akwai wani bakanike a bayan kasuwa da ake kira Mai Kunne, wai da sauraro kawai yake gane ciwon mota. Na je na same shi. Ni da girmana na tsaya a tsakiyar gareji, ga baƙin mai a ƙasa, ga mutane suna kallo, ina kwaikwayon tarin motar Baba da bakina. Ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ya canza salansar, ya cire wata tukunya da ke cikin bututun hayaƙi, sannan ya jona kwamfutarsa da ƙwaƙwalwar motar yana ta latse-latse. Ya taka totur ya saki, in ce tarin ya yi kauri. Ya sake, in ce ya yi siriri. Har dai ya dace da tarin motar Baba sak. Bai ambaci garanti ba, ni ma ban tambaya ba. Littafin motar yana cikin ledarsa ban taɓa buɗewa ba.

Yammacin ranar ba zan manta da shi ba. Rana ta yi ja a kan rufin gidaje, inuwar bishiyar bakin layi ta miƙe har tsakiyar hanya. Na iso kwana, na ɗaga ƙafa, motar ta yi tari. Sai na ji kamar na koma yarinya a kujerar baya, ina leƙen ƙeyar Baba, ina jin ƙanshin turarensa haɗe da na fetur. Ina tsayawa na tarar da Inna a bakin ƙofa, ta gyara ɗankwali. Ta shiga ta haɗa shayi a ɗan kofina mai guntulallen hannu, ta zabga sukari kamar yadda nake so, ta miƙo. Na karɓa na sha. Haka muka ci gaba kullum. Ta fara fitowa tun la'asar tana jira, ta koma cin abinci da kyau, har waƙe-waƙen ƙuruciyarta take yi ƙasa-ƙasa. A raina na yarda cewa gani take Baba ne ke dawowa, don wani lokaci takan yi zancensa kamar yanzu ya fita. Na bar ta a haka. Ni ma, gaskiya, daɗin mafarkin nake ji.

Ana nan sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Na koma wurin Mai Kunne, ya ce motocin zamani ne da shegen tsoro, ya jona kwamfuta ya kashe fitilar. Motar ta fara shan mai fiye da da, tana ɗaukar zafi, wani lokaci in ji ƙauri. Na yi kunnen uwar shegu da duk wannan. Ranar da abin zai faru ina kan hanyar aiki da safe, sai na ji ƙara kamar ana buga guduma a cikin tukunya, hayaƙi ya turnuƙe, motar ta mutu a tsakiyar titi. Injin ya buga.

Motar janwe ta ja ta zuwa kamfani. Manajan gyara mutum ne mai ladabi, har kujera ya ja mini. Ya nuna mini fistin injin da ya narke, an ɗora shi a faranti, ya juyo allon kwamfuta ya nuna mini inda aka taɓa ƙwaƙwalwar motar. Ya ce garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da gyaran waje ya jawo. Na buɗe baki in ba shi labarin Baba da kwanar layinmu, sai na ga ba wurinsa ba ne, na haɗiye.

Mai Kunne ya ce shi ba ruwansa, gurɓataccen mai na sha. Yayana kuma, bayan ya wanke ni tas, ya kawo dabara. Wai a mayar da tsohuwar salansa, a goge abin da aka saka a ƙwaƙwalwar, a kai motar wani reshen kamfanin da ba su san ni ba, in rantse ba a taɓa ta ba.

Amma ba ƙarfen ne ya fi damuna ba. Yanzu a motar haya nake dawowa, in sauka a titi in tako. Inna tana nan bakin ƙofa, kunnenta a kwanar layi, har duhu ya fara. Ba ta tambaye ni komai ba. Abincinta ya ragu, waƙar ta tsaya. Ji nake kamar na dawo mata da mijinta na sake ƙwace shi, kuma wannan tunanin yana cin raina.

Gwaggo, in bi shawarar Yaya? In faɗa wa Inna gaskiya, ko faɗar za ta karya mata zuciya? Idan kuma Allah ya sa motar ta tashi, in sake koya mata tarin?

Taki,
Autar direba

*

'Yata Autar direba,

Na karanta har ƙarshe, kuma ban yi dariya ba, sai dai wurin da kika tsaya a gareji kina tari. Wannan kam ki yafe mini.

Mu fara da ƙarfen, don shi ya fi sauƙi. A maganar injin, da wuya kamfani ya zama bai da gaskiya. Sun yi alkawari ne a kan motar da suka ƙera, ke kuma kin kai an sauya mata hali. Duk da haka kada ki tafi da maganar baki kawai. Ki nemi su rubuta miki dalilin ƙin, su bayyana yadda gyaran ya kai ga narkewar fistin. Ki samu wani ƙwararre da ba ya cin tuwon kowa a cikinsu ya duba injin. Idan ya ga abin da suka gani, ki haƙura da wannan ɓangaren. Idan ya ga wani abu dabam, kina da abin riƙewa, kuma in akwai hukumar kare masu sayayya a inda kike, ƙofarta a buɗe take. Ki kuma tambaye su ko garantin sauran sassan da gyaran bai shafa ba yana nan, don sau da yawa ba duka yake faɗuwa ba. Littafin nan kuma ki fitar da shi daga leda yau.

Mai Kunne yana da nasa kason. Ke kika nemi tarin, wannan gaskiya ne. Amma shi ya san abin da hakan ke yi wa inji, ko ya kamata ya sani, kuma bai gargaɗe ki ba. Mafi muni, mota ta yi kuka da fitila ya toshe mata baki. Ki je da yayanki, ba da faɗa ba, ku nemi ya dawo da kayan da ya cire, ya kuma ɗauki wani abu daga nauyin gyaran. Amma kada ya sake sa hannu a injin nan.

Dabarar Yaya kuwa, a'a. Na san tausayinki ne ya sa shi, amma motocin yanzu ba su cika mantuwa ba, kuma rassan kamfani ɗaya sukan san abin da juna suka gani. Ko da za ta ɓulle, rantsuwa ce a kan ƙarya, kuma ke ce za ki riƙa zama a bayan sitiyarin nan kullum kina tunawa. Wadda take auna wa marasa lafiya magani da amana ba za ta ji daɗin wannan tuƙin ba. Idan motar ta tashi, ki bar ta da muryar da aka yi ta da ita.

Yanzu ga Inna. 'Yata, ki koma ki karanta wasiƙarki, amsar tana ciki. Kin ce matar nan tana gane kyanwar maƙwabta da dirarta. Kina tsammanin za ta kasa bambance motar da ta saurara rabin rayuwarta da kwaikwayon bakanike? Kin ce Baba ba ya shan sukari, kuma kofinsa yana saman kabad ba a sauko da shi ba. To wane kofi take ɗaukowa idan ta ji tarin? Naki, mai guntulallen hannu, da sukari har ƙasa. Da mijinta take tsammani, da kin ga ta lallaba ta sauko da kofin ƙarfen nan tun ranar farko.

Ta san ke ce. Tarin ya tuna mata da shi, ba shakka, kuma ta ji daɗin hakan. Amma abin da ya dawo mata da shi ya fi wannan: ta san lokacin isowar nata, ta tashi ta tarbe shi, ta yi masa hidima da hannunta. Makanta ta ƙwace mata wannan, tarin ya mayar mata. Shirun da take yi yanzu, ina kyautata zaton jira take ki yi magana, don ta ji motar ta ɓace, ta ji takunki ya yi nauyi, kuma ba ta so ta kunyata ki da tambaya. Kina ɓoye mata don kada ta karaya, ita ma tana ɓoye miki don kada ki karaya, ga shayi yana hucewa a tsakaninku.

Ki zauna kusa da ita ki ba ta labarin duka, har da tsayuwarki a gareji. Kada ki yi mamaki idan ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Idan cin abincinta bai dawo ba bayan haka, ki kai ta likita ya duba ta. Sannan gobe, idan kin sauka daga motar haya kin iso kwanar nan, ki tsaya ki yi gyaran murya da kanki, da ƙarfi, yadda za ta ji. Maƙwabta za su ce autar direba ta zautu, ki ƙyale su. Maƙogwaronki ba shi da garantin da zai lalace.

Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya tayar miki da motarki. Ki gaishe ta, ki ce Gwaggo ta ce ta ɗora ruwa, 'yarta ta iso kwanar layi.

Gwaggonki