Dada Ta Ce Babu, Alhali Akwai

Anti Lailatu, don Allah ki taimake ni. Ban taɓa gaya wa kowa ba: tsoro nake in farka ina jin komai amma numfashi ya gagare ni.

Mako mai zuwa za a yi mini tiyatar maƙoƙo. Likitar da ke sa barci ta ce za a yi mini allurar sakar da jiki, a zura bututun numfashi ta maƙogwarona. Ta tambayi Dada, mahaifiyata, ko wani a gidanmu ya taɓa samun matsala da allurar tiyata. Dada ta sunkuyar da kai ta ce babu.

Anti, wallahi akwai! Yayana, Hamma Salahuddeen, da aka yi masa aiki ya daɗe inji na yi masa numfashi, ko yatsa ba ya motsawa. To shi ne ɗan fari, Dada ko sunansa ba ta kamawa, balle ta ba baƙuwa labarinsa. Ni kuma takalmina kawai na ƙura wa ido. A haka keke ya sauke mu a unguwarmu, Hammadu Kafi. A littattafan soyayyar da nake karantawa, budurwa na buɗe ido ta ga sahibinta a bakin gado, ni kuwa inji nake hangowa. In na faɗa wa likitar, na ƙaryata Dada. Na sha cusa wasiƙar nan ƙarƙashin filo, amma yau zan aiko miki da ita.

Mai Kunya, Gombe

Ƙanwata,

Na tambayi masu aikin sa barci. Alluran sakar da jiki biyu aka fi amfani da su. Suksametoniyam tana kamawa da sauri, ta saki cikin mintuna, sai dai wasu iyalai jikinsu ba ya narkar da ita da wuri, kuma abin gado ne; wataƙila abin da ya sami Hammanki ke nan. Rokuroniyam ta fi jimawa, amma akwai maganin da ke warware ta. Kowacce da amfaninta, kuma zaɓi na likita ne, amma da abin da aka gaya mata za ta zaɓa.

Dada ba ƙarya ta nufa ba, kunya ce, kuma kunyar ɗan fari ba a kanki take ba. Ki kira Hammanki ya gaya miki asibitin da abin ya faru. Gobe ki koma wurin likitar, kada ki jira ranar aiki. In baki ya yi nauyi, kira shi a gabanta ki miƙa mata wayar. Dada ma, so take ki dawo gida da ƙafarki.

Allah ya sa a yi a sa'a, ki farka kina numfashi da kanki.

Anti Lailatu