Sawun Kujerar Baba

Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da matarmu da yara. Mu ma alhamdu lillahi, sai kewarku. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda bokona ta tsaya.

Jiya da safe na shigo da ruwan ɗumi zan goge wa Baba jiki, na tarar ya karkata a kan gado, waya a hannunsa na hagu, yana magana. Baba fa, Yaya. Wanda tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya ce wa kowa komai sai tsaki. Na tsaya a bakin ƙofa har ruwan ya huce.

Bari in faɗa maka mafarin abin. Akwai wani wasa na neman taska da nake yi a waya idan motoci sun yi ƙaranci a wajen wankin motar da nake aiki. Mutum biyar ake haɗawa ayari guda, daga ko'ina a duniya. Kowane mataki sai a ba kowa guntun hoto wanda saura ba sa gani, dole kowa ya faɗi abin da ke gabansa kafin a gane bakin zaren. A ayarinmu akwai wani direban babbar mota, da wata nas da ke aiki a ƙasar waje, da wata tsohuwa can gabas mai nisa da ba ta jin yarenmu, waya ce ke fassara mana. Mai Kyanwa muke ce mata, don kullum sai magenta ta gifta ta gaban kyamara.

Da na biyar ɗinmu ya fita, sai na ɗauki tsohuwar wayar Baba na ɗauki hoton fuskarsa yana harara ta, na cike gurbi da shi. Nufina in riƙa duba nasa guntun da kaina. Ranar nan na manta wayar a kan gadonsa na tafi aiki, su kuma suka kira.

Nas ce ta ba ni labari. Ta ce da ƙyar kalma ke fita, amma ba wanda ya katse shi. Idan ya sarƙe sai ta ce, "Baba, mun kama ta farko, sake mana ta biyu." Direba ya faka motarsa a gefen hanya ya zauna jira. Da na ji haka jikina ya yi sanyi, domin ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi, kullum ni nake ƙarasa masa magana don in hutar da shi. Ashe ba hutu yake so ba.

Yanzu har tsokana suke yi shi da Mai Kyanwa. Ta ce masa ragon tsoho, ya ce a gaya mata magenta ta fi ta hankali. Idan ya yi tsaki wayar ba ta iya fassarawa, sai ta tambaya me ya ce, Direba ya ce mata ai gaisuwa ce.

Yaya, na san abin da likitan gashin ƙashi ya faɗa, cewa idan bai fara takawa ba ƙafar za ta sandare. Na san kuma ka yanke shawarar turo mota ƙarshen wata a kai shi wajenka. Ban ce ka yi laifi ba. Amma gidan nan, daga gado har ƙofa, da hannunsa ya sassaƙa. Idan aka ɗauke shi daga nan, ina tsoron maganar da ta dawo za ta koma. Har yanzu ya ƙi ƙarfen tafiyar da asibiti suka ba shi, ba zan ɓoye maka ba. Ina roƙon ka ɗan jinkirta.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya, mai sunan Baba kuma ya warke daga murar. Na ga amsarka, ka ce magana ba tafiya ba ce, mota tana nan zuwa. Na karɓa ban yi musu ba. Amma ka karanta wannan tukuna.

Mataki na ƙarshe ya ba mu wuya sosai. Hoton taga aka ba kowa, ba rubutu, ba alama. Mun yi kwanaki muna juya shi. Direba ne ya fara lura cewa inuwar da ke ƙasan kowace taga tsawonta daban. Nas ta ce to mu jera su daga gajere zuwa dogo. Baba ya ce tasa tagar ba ta da inuwa ko kaɗan, duhu ne, kamar tawa. Muna cikin haka sai Mai Kyanwa ta yi sallama za ta ɗora abincin rana, alhali mu ko karyawa ba mu yi ba. Sai Direba ya buga sitiyari ya ce, "Kai! Rana ce!"

Ashe kowace taga lokacin garin mai ita take nunawa. Da muka jera daidai sai bayani ya fito. Akwatin taskar ba zai buɗe ba sai kowa ya fita fili, ya ɗaga wayarsa lokacin fitowar rana a inda yake, kyamara ta ga fuskarsa, a miƙa wa na gaba daga gabas zuwa yamma, duk a rana ɗaya. Ni da Baba ne ƙarshe. Kuma fuskar da na yi rajista da ita tasa ce, ba zan iya yi masa ba.

Ka san lungunmu, dogon ginin nan ya tare gabas, ba a ganin rana sai an kai bakin titi wajen wankin mota. Na fita tsakar gida na kira 'yan ayarinmu na ba su haƙuri a hankali, na ce kuskurena ne, Baba ba zai iya ba. Ba wanda ya yi fushi. Mai Kyanwa ta ce ita dai za ta ɗaga tata, ko don magenta ta sha iska. Ban san tagar ɗakin Baba a buɗe take ba.

Yau da na dawo daga masallaci na tarar gado ba kowa. Ƙarfen asibiti yana jingine inda yake. Abin da babu shi ne kujerar katakon nan mai majingini da ya yi wa Mama. Da na duba ƙasa sai ga layi biyu na ƙafar kujera sun fita ƙofa, a gefensu sawun ƙafa ɗaya da jan ɗayar. Na bi. Kowane ɗan taƙi layin ya tsaya, ƙafafu huɗu sun nutse a ƙasa, inda ya zauna ya huta. Na daina gudu, na riƙa bin sawun a hankali, ina ganin duk inda ya sha wuya.

Na same shi a bakin titi a tsaye, ya dafa majinginin kujera, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya yi min tsakin da na daɗe ban ji mai daɗinsa ba. Ya ce, "Ɗaga taka, malalaci. Tsohuwa ta riga mu."

Rana ta leƙo ta saman shaguna, muka ɗaga. Yaya, akwatin ba kuɗi a ciki, ba komai na sayarwa. Fitowar ranar kowa ce aka jera. Ta fito a kan wani ruwa mai faɗi da magen tsohuwa a gefe, ta fito a bayan gilashin asibiti, ta fito a kan doguwar kwalta, sannan ta iso kan fuskar Baba. Rana ɗaya ce, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka yi ta miƙa ta hannu da hannu har lungunmu. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah mai iko." Kalmomin suka fita sarai, ban ƙarasa masa ko ɗaya ba.

Da kansa ya koma gida, ni dai ina biye. Ya ce in nemo masa roba a sa wa ƙafafun kujerar, don gobe shagon aski zai je. Ya kuma ce in gaya maka idan motar za ta zo, to kai za ta kawo, ba shi za ta ɗauka ba.

Idan kana ganin son zuciyata ne ya ƙara gishiri, ba ni kaɗai na gani ba. Maigidana na wajen wanki yana nan, tiyo a hannunsa ruwa na zuba a takalminsa bai sani ba. Matar da ke share titi ta gani, har ta matsar masa da dutse. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta gani ta taga. Direba da Nas sun gani ta waya, ita Nas har da kuka. Mai Kyanwa ma ta gani, ta ce a gaya masa ta janye ragon, tsohon dai yana nan.

Ka gaida matarmu da yara. Muna sauraronka.

Ƙaninka,
Auta