Gidan Ado Ba Gidan Agana Ba Ne

Zuwa ga Shugaban duba-gari na cikin birnin Kano, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne Ado mai gurasa, na unguwar Dukawuya. Matata ke toyawa, ni kuma in kai Ƙofar Wambai in sayar. Na je ofishinka an tare ni a bakin ƙofa, shi ya sa na kawo maganar a jarida, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci.

Na farko. Da bazarar bara, lokacin da agana ta shigo gari, wani ya kai muku labari cewa akwai gidan ado a lungunmu. Kowane Bakano ya san ba ma kama sunan wannan ciwo, ado muke ce masa don tsoro. Yaronka mai kaki da keke bai tsaya ya gane ba. Ya zo ya tambayi yara ina gidan Ado, suka nuna masa ƙofata.

Na biyu. Ya tarar da 'yata Hauwa, mai shekara bakwai, da ƙurajen zafi a wuya, irin na duk yaron da ke zama kusa da tanderu. Na rantse masa, uwarta ta rantse, liman ya fito ya sa baki. Yaron naka ya ce shi ya yi makaranta. Ya fasa tanderun, ya ƙone mana tabarmi, aka ɗauki yarinya da ƙafarta aka kai bukkokin masu agana a bayan ganuwa. Can ta ɗauki ciwon na gaske. Ta dawo da ranta, amma babu ido ko ɗaya.

Na uku. Gidan da ake nufi kuwa ba wanda ya leƙa shi, sai da ciwon ya bi lungun gida-gida. Mu da muke lafiya mu aka ƙaurace wa. Har yau in na aje faifai a kasuwa, sai in ji ana raɗa cewa gurasar gidan ado ce. Matata ta koma surfe a gidan mutane.

Ranka ya daɗe, an ce mini in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba. Ina ganin yaron naka yana wucewa yana kaɗa ƙararrawar kekensa, zuciyata tana tafasa. Duk sallar da na yi sai na kai ƙararsa wurin Allah, da sunansa da na ubansa.

Abin da nake roƙo: a tuɓe masa kakin nan a gaban mutanen unguwa. A tura shi bukkokin can ya yi jinyar masu agana har annoba ta wuce, ya ji warin da 'yata ta kwana a ciki. Kafin ya tafi kuma, a kawo shi gidana da safe. Kullum in Hauwa ta farka takan tambaye ni ko gari ya waye. Na gaji da amsawa, ina so shi ya amsa mata.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare idanun 'ya'yanka, ya ba ka ikon yin adalci tun kafin a tambaye ka.

Wassalam.
Ado mai gurasa, Dukawuya.