Kambun Baba Ba Zai Tafi Japan Ba

Gyadi-Gyadi, Kano,
9 ga Afrilu, 1977.

Zuwa ga ƙanena Isyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sanyin Osaka da kake ta kuka da shi, ya sa ka gama koyon injin da masaƙa ta tura ka, ka dawo mana lafiya. Mu nan sai godiya. Maigida Malam Lawan yana nan yana fama da ofis, Hasana da Husaina sun shiga aji uku, ƙanwarmu Uwani kuma ta sauka, an samu mace, an sa mata Huraira. Inna tana can Tarauni, ƙafar tana taɓa ta amma tana lallaɓawa. Baba ne dai. Saboda shi na ɗauki biro, kuma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Ka san wane ne mahaifinka. Shekara goma sha tara Maje yana shiga fagen kokawa, daga Tarauni har Dawakin Kudu, ko gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A kokawarmu kuwa, da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an gama, sai mutum ya kakkaɓe jikinsa ya ba da wuri. To ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kada shi a bakin rijiya, wata biyu bayan tafiyarka, haka ya ɗauki abin. Likita ya ce in yana motsa ƙafar zai taka. Shi kuwa ya ce an kada shi, wanda aka kada kuma ba ya neman ƙari. Wata huɗu yana kwance fuskarsa a bango, ni kuma kullum in na tashi daga makaranta sai in tako daga Gyadi-Gyadi in yi lallashi in yi faɗa, duk a banza.

Ana nan sai ga wasiƙarka, ka cika shafi biyu da labarin wata 'yar kokawa wai ita Noriko, da abokan aikinka suka kai ka kallo. Na ji haushinka a lokacin, na ce mutum ubansa na kwance shi yana ba mu labarin mata masu damben banza. Don in kore shiru kawai na karanta masa. Da na zo inda ka ce sau bakwai aka maka ta da ƙasa tana tashi, don a can ba a gama ba sai an danne kafaɗun mutum alƙali ya buga ƙasa sau uku, sai na ga Baba ya juyo. Ya ce in maimaita. Na maimaita, ya yi tsaki ya ce wannan ba kokawa ba ce, shashanci ne. Washegari ya tambaye ni ko da gaske bayan an buga biyu ta tashi. Rana ta uku ya ce a kira Malam Lawan ya kama shi ya miƙe.

Daga nan tafiyar Baba ta koma bin tafiyar yarinyar nan. Da ka rubuto cewa 'yar masunci ce, ta shiga tana shekara goma sha shida, ta shekara biyu tana share fage da wanke kayan manya, aka kuma kada ta sau talatin kafin ta kada kowa, a makon ya kai bakin ƙofar ɗaki. Da ta karye a kafaɗa ta dawo bayan wata uku, ya kai zaure. Da ta ci ɗamarar gwanaye, da sandarsa ya je masallaci, mutane suna ta fitowa kallo. Ya sa mata suna Gajeriya, har kirari ya yi mata. Hoton da ka aiko, Inna ta rantse ba zai zauna mata a gida da wannan guntun kaya ba, sai da na zana mata zane da biro har idon sawu, sannan aka yarda ya maƙale shi a bango. Ranar da Malam Lawan ya ce ya ji irin wannan kokawa haɗin baki ce, kwana uku Baba bai amsa gaisuwarsa ba. Tsofaffin abokan karawarsa na Unguwar Gano da Ƙauyen Alu kuwa, da sun ji wasiƙa ta zo sai su cika zaure.

A gabansu na buɗe wasiƙarka ta ƙarshe, kuma laifina ne da ban fara dubawa ni kaɗai ba. Can ƙasa, tsakanin roƙon a aiko maka yaji da ƙorafin takalminka, ka jefa layi ɗaya: wai Noriko ta bar kokawa, don dokarsu ce mace in ta cika ashirin da biyar sai ta sauka, an buga mata ƙararrawar bankwana sau goma ta fita. Bakina ya riga hankalina. Baba ya tambaya wa ya kada ta, na ce babu. Ya sake tambaya, na ce shekaru ne. Ya ce shi yana ashirin da biyar ko ƙarfinsa bai gama kawowa ba. Sannan ya ce ashe ko mutum ya tashi bayan an buga biyu fitar da shi za a yi, to tashin me ya amfana. Ya ce a mai da shi ɗaki. Yau kwana goma sha tara bai taka ƙasa ba, sandar ma ya wurga ta bayan ƙofa.

Isyaku, magana zarar bunu ce, kai kuma ka zare ta kamar kana ba da labarin farashin kifi. Sau biyu ina rubuta maka cewa da labarin yarinyar nan Baba yake takawa, amma na lura ba ka karanta wasiƙata sai inda aka ambaci kilishi. Na gaji. Ni ce makaranta, ni ce gidana, ni ce Tarauni, ni ce mai juya shi, ni ce mai shan faɗansa. Kai kuma sau biyu kana ƙara wata shida, kana cewa akwai sauran inji ɗaya. Zumunta a ƙafa take, ba a ambulan ba.

Shekaranjiya da hantsi ya sa Inna ta buɗe adaka ta ciro kambunsa, wannan na jan fata da maigidansa na kokawa ya ɗaura masa a dantse. Ya miƙo mini ya ce in aika maka ka kai wa Gajeriya. Ka san ɗan kokawa ba ya rabuwa da kambunsa sai ya tabbata ba zai ƙara tsayawa ba. Inna ta shiga ɗaki tana kuka. Na karɓa, na je har gidan waya, na shiga layi, da aka zo kaina sai na juyo. Yana nan cikin kwallata, ƙarƙashin tasoshi. Na koma na ce masa gidan waya ba sa karɓar kayan fata, ƙarya ta farko ke nan da na taɓa yi wa mahaifina. Na ce sai dai kai ka zo ka karɓa da hannunka, kuma a tsaye maigidansa ya ba shi, don haka a tsaye zai ba ka, a ƙofar zaure. Sai ya tambaya yaushe za ka zo. Na ce kafin azumi. Kada ka sa in zama mai ƙarya biyu.

Kafin ka taso, ka nemo mini yarinyar nan ko da a ƙauyen masuntan ne, ka ɗauko hotonta tana tsaye da ƙafarta, ko me take yi yanzu. Zanen ni zan zana mata.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙe salla. Malam Lawan, Uwani da mijinta Bello, da kawu Inuwa duk suna gaisuwa. Hasana da Husaina sun ce kada ka manta alkawarinsu. Baba bai ba da saƙo ba. Amma da safen nan Inna ta tarar da sandar a gefen tabarmarsa, kuma ta rantse ba ita ta ɗauko ta daga bayan ƙofa ba. An buga ƙasa sau biyu, Isyaku. Ka taho.

Ni ce yayarka,
Kubura Maje.