Inda Orest Ya Bar Makunnin

Alhamis, 10 ga Janairu

'Yata Darusiya ta bugo waya daga birnin Winnipeg. An rufe babbar hanya saboda dusar ƙanƙara, ba za ta samu zuwa addu'ar arba'in ɗin babanta ba. Ta ce, "Mama, gidan da ɗumi dai ko?" Na ce lafiya lau. Da safar hannu nake riƙe da wayar.

Makunnin injin ɗumama gida na nan a bangon zaure inda mijina Orest ya bar shi. Kullum da dare shi ke murɗa shi ƙasa, da asuba ya tashi ya murɗa sama, kafin in sauko gida ya yi ɗumi. A daren ƙarshe ya rage shi kamar kullum. Da asuba bai tashi ba. Shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa a gidan nan, ni kuwa na kasa taɓa shi. Kwanakin makoki gida cike yake da mutane, murhu bai huta ba, babu wanda ya lura.

Asabar, 12 ga Janairu

Bayan addu'ar arba'in a coci mata suka biyo ni gida cin abinci. A nan garin kowa ya shigo sai ya cire takalma a ƙofa, ya kai kwat ɗinsa ɗaki ya aza a kan gado. Yau gadon babu ko kwat ɗaya. Haka suka zauna a tebur a naɗe, suna cin pirohi, 'yan curin fulawa masu dankali a ciki, da na kwana biyu ina naɗawa, tururi na fita daga bakinsu. Babu wadda ta ce uffan sai Stefka maƙwabciyata.

"Tekla, mutane kika gayyato ko nama kike adanawa?"

Aka yi dariya. Ta miƙe ta nufi zaure, ta kai hannu ga makunnin. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na doke mata hannu. Stefka, wadda ta riƙe ni a maƙabarta.

Ta dubi hannunta, ta dube ni, ta ce, "To." Ba a daɗe ba kowa ta tuna tana da abin yi a gida. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Lahadi, 13 ga Janairu

Ban je coci ba. Da wace fuska?

Talata, 15 ga Janairu

Famfon kicin ya ƙi kawo ruwa, bututun ya daskare a jikin bango. Ina tsugune ƙarƙashin wurin wanke-wanke ina gasa bututun da na'urar busar da gashi sai ga Stefka ta shigo mayar da kwanona. Ta dube ni, ta dubi famfon. Ta ajiye kwanon ta fita. Na san wa za ta kira.

Asabar, 19 ga Janairu

Darusiya ta iso da ƙaramin kwali da jakar kayan aikin mijinta. Ba ta cire kwat ba ita ma.

"Mama, kin yi min ƙarya."

Na ce ba na jin sanyi sosai.

"Leɓɓanki sun yi baƙi. In bututun nan ya fashe gidan ya tafi. Zaɓi ɗaya: ko in sa wannan sabon makunnin, ko ki haɗa kaya mu tafi Winnipeg yau ɗin nan."

A bene na tara take zaune. Ko kaza ba ta iya rayuwa a can, balle ni. A gidan nan na haife ta. Na ce ta sa.

Ta kashe wuta daga ɗakin ƙasa, ta kwance tsohon daga zaure. Sai ga wata da'ira a bango, koren fentin da muka yi shekarar aurenmu, bai taɓa ganin rana ba. Ta miƙo min tsohon makunnin. Gefensa ya yi santsi, ya yi duhu daidai inda babban yatsansa ke kamawa. Na sa shi a aljihun riga.

Sabon fari ne mai kusurwa huɗu, da agogo a fuskarsa. Wai sai an gaya masa lokacin tashi da lokacin kwanciya, shi ke nan ya riƙa yi da kansa. Ta ce, "Ƙarfe nawa kike tashi?" Na ce biyar. Ta ɗago kai. "Wannan ai lokacin Baba ne. Ke da sai an ja ki daga gado?" Na ce biyar na ce. Ta danna.

Lahadi, 20 ga Janairu

Ta koma. Ta nuna min maɓallan sau uku, na ce na gane. Ban gane ba.

Litinin, 21 ga Janairu

Da asuba na ji 'yar ƙarar nan a zaure, sai injin ɗumi na ɗakin ƙasa ya kama, ɗumi ya fara busowa da warin ƙurar nan tasa. Cikin barci na ce, "Ka tashi ke nan? Ɗora ruwan shayi." Da ƙarfi na faɗa.

Tsohuwa da ni, ina aiken abin roba.

Alhamis, 24 ga Janairu

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ɗumin iri ɗaya ne. Na so a ce ya bambanta, a ce na Orest ya fi. Ƙafafuna ba su san bambanci ba, daɗi kawai suke ji.

Tunda makunnin ya kunna ɗumi, sai in ga rashin kyautawa ne in ci gaba da kwanciya. Ina tashi in zauna a kicin cikin duhu, babu abin yi. Shi Orest don shanu ya saba da tashin nan, shanun da muka sayar tun Darusiya na makaranta.

Laraba, 30 ga Janairu

Na kai wa Stefka miya mai zafi. Na tsaya a ƙofarta na miƙa mata kwanon. Ta karɓa ta ce, "Hannun nawa ya warke, in shi kika zo dubawa. Ashe kina da ƙarfi haka kika bar ni ina ɗaukar miki buhun dankali?" Na yi dariya, daga nan sai kuka. Na gaya mata batun makunnin. Ta ce, "Da kin faɗa mana, shashasha. Da mun zo da barguna." Ashe ita ma hular marigayi mijinta na nan a ƙusa, ko goge ta ba ta yi.

Talata, 5 ga Fabrairu

Stefka ta zo shan shayi jiya. Ta cire kwat, ta kai ɗaki ta jefa a gado ba tare da ta dube ni ba.

Kafin ta tafi mun tsaya gaban sabon makunnin da tabarau ɗaya muna karɓa-karɓa. Sau biyu muka ɓata shi. Ba wani abu ba ne, kawai dai babu amfanin ɗumama gida tun duhu ga mutum ɗaya. Mun mayar da lokacin tashi bakwai da rabi.

Tsohon makunnin yana kan tagar kicin, yana nuna inda Orest ya bar shi.

Yau sai da rana ta fito na farka. Gidan da ɗumi. Na ɗan ƙara kwanciya.